Faten Acca a Gidan Kwana-kwana

Mu huɗu ne a ɗakin otal ɗin a ranar. Da ni, da autata wadda ta kawo ni a motarta, da Maman 'Yanbiyu, da ɗanta mai aiki a Fatakwal. Akwai wata mata mai canza zanin gado da ta leƙo ta fita, ita ma zan sa ta a lissafi, domin ta durƙusa har ƙasa ta gaida tsohuwa. Sai mai gadin gidan da muka koma da la'asar. Bayan waɗannan babu wanda ya ga abin da zan faɗa.

Maman 'Yanbiyu maƙwabciyata ce tun muna Makera, lokacin da mazajenmu ke aiki a masaƙa. Gidan haya ne mai ɗaki-ɗaki, ƙofarta na kallon tawa, murhunmu a jere. Ita Kirista ce daga wani ƙauye a wajen Kafanchan, ni kuwa daga Zazzau aka kawo ni. Da ta haifi 'yan biyu, duk maza, ba ta da kowa a gari, sai na karɓi ɗaya. Ta goya ɗaya in goya ɗaya, mu tafi famfo, mu tafi kasuwar Kakuri. Yaya take ce mini, ko da yake ban girme ta da wani abin kirki ba. Daga baya masaƙa ta mutu, gari kuma ya yi abin da ya yi, kowa ya nemi unguwar da nasa suka fi yawa. Mu muka haye gada muka zauna a Unguwar Sanusi, su suka yi Sabon Tasha. Da mijinta ya rasu ta koma ƙauye. Abin da ya rage tsakaninmu sai waya, sai kuma ƙullin citta da acca da take aiko mini duk kaka.

Yana ce ta rufe mata ido, duka biyun. Tana gane haske da duhu, tana gane mutum ya gifta, amma fuska babu. A gidanta na ƙauye wannan bai hana ta komai ba, ƙafarta ta san kowane dutse a tsakar gidan. Ɗan ya ɗauki hutu a wurin aiki, ya ɗauko ta ya kawo ta wani asibitin ido a nan Kaduna. Ɗan'uwansa soja ne, yana can inda aka tura shi, matar wannan kuma tana jego. Shi kaɗai ne da ita.

Na ce su sauka a wurina. Ya yi godiya idonsa a ƙasa, ya ce ya riga ya kama ɗaki a Barnawa. Ban matsa ba. Ɗakina ɗaya ne a gidan babban ɗana, jikoki a kwance ko'ina, kuma na san ba ƙuncin ɗaki kaɗai ne a ransa ba. Nawa ɗan ma haka yake sunkuyar da kai in na ce zan je gaisuwa Sabon Tasha.

To, likita ya duba ta ya ce ido zai yi aiki, amma jiki ba zai ɗauka ba a yadda yake. Jininta ya yi ƙasa, babu ruwa a jikinta. Ya ce ta je ta ci ta sha, su dawo ƙarshen mako. In ta farfaɗo a yi, in ba ta farfaɗo ba sai a ɗaga. Ɗagawar nan kuwa ni na san ma'anarta. Hutun yaro zai ƙare, zai mayar da ita ƙauye, kuma mace mai shekarunta ba ta yin irin wannan tafiyar sau biyu. Shi ya sa ya kira ni a waya, ya ce Mama ta ƙi cin komai tun da suka sauka.

Ban taɓa shiga otal ba sai ranar. A zamaninmu in an ce an ga mace a bakin otal, magana ta ƙare. Na shiga ina jan gyalena, ina kallon kowa. Ba zan yi musu ƙarya ba, wurin tsaf yake. Kowa na gaishe ka, wuta ba ta ɗaukewa, ga sanyi har cikin ƙashi. Amma sai da aka tsayar da mu a ƙasa aka kira ɗakin a waya, aka tambaya ko an san da zuwanmu. Ni da na goya mai ɗakin.

Na same ta a bakin gado, ta zauna a ɗan gefe kamar mai jiran a sallame ta. Ta ji muryata ta miƙo hannu biyu, ta shafa fuskata tun daga goshi har haɓa, ta ce har yanzu ban daina ɗaure fuska ba. Na ce ita kuma har yanzu ba ta daina surutu ba. Muka yi dariya, muka yi abin da tsofaffi ke yi in sun daɗe ba su haɗu ba, muka lissafa waɗanda suka mutu.

Ina magana ina duba ɗakin. Gado biyu, nata da nasa, tsakaninsu bai fi taku ba. A kan tebur ga tire an rufe: shinkafa, kaza, ayaba, ko cokali ba a taɓa ba. Ga gorar ruwa a cike. Leɓenta ya tsage. Ɗan ya ce ya sa an kawo mata tuwo daga waje, an kawo doya, an kawo farfesu, duk sai ta ce ta ƙoshi. Ya ce ko shayi sai ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye. Na san matar nan. Mace ce da ke cinye malmala biyu ta nemi ƙanzo. Ciwon ido ba ya shiga ciki.

Azahar ta yi, na tashi in yi alwala. Banɗakin a cikin ɗakin yake, wannan na saba gani a gidajen yanzu. Abin da ban taɓa gani ba shi ne bango da ƙofar gilashi, irin mai hazo-hazo, yana kallon gadon yaron kai tsaye. Daga ciki ina ganin inuwarsu, ina jin har numfashinsu. Ƙasa tayil ne mai santsi, ni mai ido sai da na dafa bango. Babu buta. Famfuna ne birjik, wannan na zafi, wannan na sanyi, wannan ya zubo ta sama. Na tsaya a wurin hannuna a jiƙe, na gane.

Da na idar da salla na ce wa autata ta raka yayanta, wato ɗan ƙawar tawa, ƙasa su sayo mini goro. Ta ce ai ba a sayar da goro a otal. Na kalle ta. Ta tashi ta ja shi suka fita.

Na matsa kusa da ƙawata na tambaye ta yaushe rabonta da zagayawa. Ta hau murza bakin zaninta. Na ce ni ce fa, ni da na riƙe ta ranar haihuwa.

"Yaya, ni na haife shi," in ji ta. "Ni na wanke masa. Ba zai riƙe hannuna ya kai ni wurin nan ba, ya koma ya zauna yana ji."

Ta ce sai in ya fita amsa waya take lallaɓawa, tana bin bango. Ranar farko ta murɗa wani abu tana neman ruwa, ruwan zafi ya zubo mata a ka, ta fito a jiƙe ta ce masa wanka ta yi. Tun daga nan ta yi wa kanta dabara: in ba ta ci ba, ba ta sha ba, ba za ta nemi wurin ba. Ta kama hannuna ta ce kada in faɗa masa, yaron ya kashe kuɗinsa don ta ji daɗi. Na ce ba zan faɗa ba. Na kai ta a lokacin, na tsaya a bakin ƙofa na ba ta baya, na kunna famfo don ya rufe ƙara.

Da suka dawo, ba goro, sai na zama tsohuwa mai rigima, don ba ni da wata hanya. Na ce abincin otal ne ba ta so, ni zan dafa mata da hannuna, a nemo mini risho. Ɗan ya ce ba a girki a ɗaki. Na ce to a fitar da ita daga nan.

Nan autata ta ciro waya. Ita ke yawon Abuja da Legas sayen kaya, ta san waɗannan abubuwan. Ta ce akwai gidaje da ake bayarwa haya na kwana-kwana, shotlet suke ce musu, gida sukutum da ɗakuna da falo da kicin, da gado da tukwane, mutum ya shiga da jakarsa kawai. Ta ce a nan Barnawa ma suna da yawa. Ta nuna masa hotuna.

Yaron bai yarda ba, kuma maganar da ya yi ba ta banza ba ce. Ya ce a otal in wani abu ya sami Mama, waya ɗaya zai ɗaga mutane su hau. Ga masu gadi, ga wuta dare da rana, ga wanda zai share, ga wanda zai wanke. A irin gidajen can kuwa, in ruwa ya yanke ko wuta ta lalace, sai ka yi ta kiran mai gida yana ce maka yana zuwa. Ya ce ya taɓa kama wani a Legas, hoto daban gida daban, ya kwana yana kashe sauro. Autata ta ce gaskiya ne, akwai irin waɗannan, amma wannan ƙawarta ta taɓa sauka a ciki. Ta ce kuma in mutum uku ne, gidan ya fi sauƙi a kan ɗaki biyu a otal. Ya ce shi ba ta kuɗi yake ba. Ya juyo gare ni ya ce, in dai kusa da Mama nake so, zai kama wa kansa wani ɗaki, ni in kwana a nan tare da ita.

Da ya san dalilin, da wannan shawarar ta kusa isa. Amma gilashin nan yana nan, santsin yana nan, kuma na ga yadda take zaune a ɗakin, tana tsoron taɓa farin zanin gado kada ta ɓata wa mutane. Ban da haka, na san babban ɗana. In na ce masa zan kwana a otal, zai zo da kansa ya ɗauke ni kafin magariba. Na ce wa yaron ni ba zan kwana a otal ba, a shekaruna ba za a ce an ga Hajiya tana fitowa daga otal da safe ba. Ya yi murmushi, ya ce zamani ya canza. Ya ci gaba da jero dalilai, yana lanƙwasa yatsu. Na bar shi ya gama.

"Ɗanbiyu," na ce, "kai ne na bayana. Ɗan'uwanka na bayan uwarka, kai na bayana. Ban taɓa roƙon ka komai ba. Ɗauki jakar."

Ya kalli uwarsa. Ita kuwa ta riga ta sa ƙafa tana laluben takalminta. Ya ɗauki jakar.

Muka fara biyawa gida na sanar da ɗana. Da ya ji gida ne mai kicin, kuma autata ta san wurin, sai ya ce Allah ya ba ta lafiya, ya ƙara da cewa in riƙa barin waya a kunne. Na ɗauki tabarma, da buta, da muciya, da ƙwarya biyu, da kaskon turare, da sauran accar da ita kanta ta aiko mini. Autata ta ce ai akwai komai a gidan. Na ce to, komai ɗin ya haɗu da nawa. A hanya muka tsaya aka sayi yakuwa da alayyafo da gauta da gyaɗa da ƙashin miya.

Gidan a wani layi yake mai shiru, gidaje huɗu a cikin katanga ɗaya, namu a ƙasa. Mai gidan ba mu gan shi ba har muka tashi, murya ce kawai a waya. Mai gadi ne ya ba mu mukulli, dattijo mai fararen gira. Ya tsaya ya karanto mana doka da ka: ba a tara jama'a, ba a kiɗa, ba a shan taba a ciki. Maman 'Yanbiyu ta ce masa ya yi haƙuri, mun riga mun gayyato makaɗa. Maganar farko ke nan da ta yi tun fitowarmu. Na tambaye shi alƙibla, ya nuna mini. Na tambaye shi su wane ne maƙwabta, don in shiga in yi sallama, ya ce na sama sun tafi da safe, na gefe kuma bai san ko su waye za su zo ba. Wannan ya tsaya mini a rai. A otal mutane sun yi yawa, babu naka. A nan kuwa babu kowa ma.

Yaron ya yi gaskiya a wani wajen. Falon bai kai yadda ya fito a hoto ba. Akwai warin waɗanda suka tashi, wani turare mai hawa kai, sai da na zagaya da kasko. A kicin na tarar da kofunan gilashi masu dogon wuya jere a sama, amma babu ludayin kirki, babu turmi, tukwanen kuwa shafal kamar gwangwani. Wuƙa ko albasa ba ta yankawa. Muna shiga aka ɗauke wuta, sai da mai gadi ya je ya taɓa wani abu ta dawo, ya ce kada mu kunna na'urar sanyi. Ɗanbiyu ya kalle ni. Na kawar da kai.

Amma ɗakuna biyu ne, falo a tsakani. Namu yana da banɗakinsa da ƙofar katako mai sakata, nasa yana can ɗaya gefen. Na kama hannunta na zagaya da ita. Na ɗora tafinta a kan bango, a kan ƙofa, a kan sakata, na ce ga buta nan a dama, famfo ɗaya ne kuma na sanyi ne. Na ce ɗakin yaro yana can nesa, ko tari ta yi ba zai ji ba. Ta gyaɗa kai.

Na zaunar da ita a kujera mai laushi, na sa mata matashi a baya, na haɗa mata shayi mai kauri. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye. Ta naɗe hannu a cinya. Zaman nan dai na bakin gadon otal, shi ta sake yi. Autata ta tafi ɗauko 'ya'yanta daga makaranta, Ɗanbiyu ya tsaya a bakin taga yana danna waya, yana satar kallon kofin. Na tayar da mutane daga inda suke da wuta da masu hidima, na yi wa yaro gori da goyo, ga shi ba a ci komai ba. Jikin da ya saba ƙin abinci ba ya dawowa don an canza masa ɗaki.

Na shiga kicin don ba ni da abin yi da ya wuce wannan. Na ɗora ƙashi a wuta da daddawa da albasa. Na zuba acca a ƙwarya na fara regaya. Wanda bai san acca ba, ƙwayarta ƙanana ce kamar yashi, kuma da yashin take zuwa, sai an bi ta da ruwa daga ƙwarya zuwa ƙwarya a hankali, accar ta wuce, yashin ya kwanta. Ita ta koya mini a Makera, kuma tun a lokacin tana cewa ina da gaggawa. Ranar kuwa raina a ɓace yake, ina juyawa da ƙarfi.

Sai na ji murya daga falo tana tambaya wa ke wanke tsakuwa a kicin.

Na ce ni ce, acca nake regewa. Ta ce wannan ba regaya ba ce, daga inda take tana jin yashi yana bin acca yana wucewa. Na ce shekara nawa ina yi babu wanda ya karye haƙori. Ta ce mijina mai haƙuri ne, Allah ya ji ƙansa, ya sha yashi bai faɗa ba. Na ce in ta fi ni iyawa ta zo ta yi.

Na faɗa ne don haushi. Sai na ji motsin kujera. Ɗanbiyu ya zabura zai kama ta, na leƙo na ɗaga masa hannu. Ta bi bango da tafinta, yadda na nuna mata, har ta iso bakin kicin. Na shimfiɗa tabarma a ƙasa, ta zauna ta miƙe ƙafa, ta ɗage hannun riga. Na ajiye mata ƙwarya biyu da bokitin ruwa. Ta shafa ƙwaryar ta ce ai wannan ta san ta, har da ɗinkin da ke bakinta. Ba ita ba ce, waccan ta daɗe da fashewa, amma ban gyara mata ba.

Ta fara juyawa. Kanta a karkace, kunne wajen ƙwarya, hannu na tafiya a hankali kamar mai lallashin jariri. In ta kai ƙarshe sai ta sa yatsa ta shafo gindin ƙwaryar, ta miƙo mini in gani. Yashi ne kuwa, baƙi. Ta maimaita har sai da yatsan ya fito babu komai. Tana yi tana ba ni umarni. In gyara yakuwa in cire jijiyar, kada in yanka gauta ƙanana, gyaɗa a soya ta sama-sama tukuna. Na ce babu turmi. Ta ce in zuba a leda in murje da kwalba, haka suke yi a gona. Ta tambaya ko na sa kanwa, na ce kaɗan, ta ce kaɗan ɗina ta san shi. Na ce bakin nan nata ko likita ba zai iya masa aiki ba.

Ina sauraron ta ina gane kuskurena da na yaron, don iri ɗaya ne. Shi ya sa ta a ɗaki mai sanyi ana kawo mata tire, ni na sa ta a kujera na kawo mata kofi. Matar da tun tana yarinya ba ta taɓa cin abin da hannunta bai shiga ba.

Tukunyar gwangwanin nan ta so ta kama, na tsaya a kanta da muciya ban matsa ba. Da ƙamshi ya tashi ta ce in ɗebo mata ta ji gishiri. Na ɗiga mata a tafin hannu. Ta lasa, ta ce da saura. Na ƙara, na sake ɗiga mata. Ta ce yakuwa ta yi kaɗan. Na ƙara. Sau nawa tana ɗanɗanawa ban ƙirga ba, amma na lura kowane ɗanɗano ina ƙara yawan abin da nake zubawa, ita kuma ba ta ce ya yi yawa ba.

Ita ta ce mini magariba ta yi, ta ji kiran salla daga nesa kafin ni, kamar yadda take yi a da in ina daka. Na je na yi. Da na dawo na zuba wa Ɗanbiyu nasa na ce ya tafi ɗakinsa ya ci, mata za su ci nasu. Na juye mana a kwano ɗaya a kan tabarma. Ta sunkuyar da kai ta yi addu'arta, na yi bisimilla. Ban kalle ta ba, ban ce ta ci ba. Na dai riƙa tura mai kauri gefenta. Muna ci tana ba ni labarin wata akuyarta da ke buɗe ƙofar rumbu da ƙaho. Can sai cokalinta ya daki nawa a gindin kwano. Ta tambaya ko akwai saura a tukunya. Ta sha ruwa kofi guda, ta nemi ƙari.

Da na kai kwano kicin na tarar da yaron a tsaye a bayan ƙofarsa, farantinsa a hannu bai taɓa ba. Ya buɗe baki zai yi magana, idonsa ya kawo ruwa. Na ce masa abinci na hucewa. Har yau yana gaya wa mutane cewa uwarsa ba ta son abincin otal, sai faten Hajiya. Na bar shi a haka.

Ba a jima ba, muna zaune a ɗaki ina ninke kaya, ta juyo wajen da take jin motsina.

"Yaya, tashi ki kai ni," in ji ta. Ba ta rage murya ba.

Na kai ta. Ta shiga ta ja sakata da kanta.

A ƙarshen makon likita ya duba ta ya ce jiki ya yi, aka yi mata ido ɗaya, daga baya aka yi ɗayan. Amma a wannan maraicen ba mu san haka ba. Abin da na sani shi ne za ta ci gobe, kuma ba za ta so ta riƙa tashina duk lokacin da ta matsu ba, ko ni ce.

Da na yi sallar asuba, gari ya fara haske, na fita bayan gidan. Akwai igiyar shanya a ɗaure tsakanin ƙarfe biyu. Na kwance ta. Mai gadi ya taso yana tambaya, na ce aro ne, zan mayar ranar da za mu tashi. Na shigo na ɗaura bakinta ɗaya a ƙafar gadon, ta gefen da take kwana, na ja ta a jikin bango na ɗaura ɗaya bakin a ƙarfen tagar da ke dab da ƙofar banɗaki, daidai tsayin ƙugu. Na rufe idona na bi ta da hannu, zuwa da dawowa, na ƙara tamke ta. Sannan na cika buta na ajiye a dama, na tafi na ɗora ruwan kunu.